Kocin Riƙon Ƙwarya a Ƙarƙashin Tagar Yaya

Litinin, da hantsi

Ya kai Tarihi, Alƙalin Alƙalai, mai auna aikin jarumai da ma'aunin da ba ya karɓar cin hanci: gaisuwa da ban girma daga bawanka, autan gidan nan, mai digiri guda a ƙarƙashin katifa, wanda duniya ba ta farga da darajarsa ba tukuna, musamman ɓangaren masu ɗaukar ma'aikata. Na buɗe wannan littafi ne domin ka sami shaidar gani da ido. Ina da ƙara da zan shigar gabanka idan lokaci ya yi, kada ka ce ba a sanar da kai ba.

Ga halin da ake ciki. Yaya ta dawo daga asibiti, amma ba gidan mijinta aka kai ta ba, nan gidanmu aka kawo ta, tsohon ɗakinta wanda na gada bayan aurenta. An kwashe ni da littattafaina zuwa doguwar kujerar falo, kuma karo na farko a rayuwata ban yi jayayya ba. Kafin motar ta iso, ni da mijinta Injiniya (firiji yake gyarawa, ni na ba shi muƙamin) muka fitar da ɗan gadon jaririn nan da Baba ya sa kafinta ya yi, muka kai shi shagon maƙwabci, muka lulluɓe shi da buhu. Muƙamin Kawu da aka yi mini alkawari, wanda har na fara gwada irin tafiyar da ta dace da shi, an ɗage naɗinsa sai abin da hali ya yi. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Tiren abinci yana shiga ɗakin, yana fitowa kamar yadda ya shiga.

Talata, da yamma

Baƙi tun safe. Kowa ya zo sai ya rage murya tun daga bakin ƙofa. Gidanmu, wanda a da sai ka yi ihu kafin a miƙo maka gishiri, ya koma kamar ɗakin jarrabawa. Na tarar da Mama tana warware saƙar da ta daɗe tana yi. Ta ce ulun ne bai yi mata ba. Na yarda da ita cikin gaggawa.

Laraba, da rana

Tire ya shiga. Tire ya fito.

Juma'a, da yamma

Yau an kawo mana hari. 'Yan mata takwas cikin kayan makaranta, ɗaya rungume da ƙwallo, suka tsaya a tsakar gida suna haki. Ya kamata ka sani, ya Tarihi, cewa Yaya malamar wasanni ce a makarantar 'yan mata ta ƙarshen titinmu, ita ce ke horar da su ƙwallon raga. Babbarsu, wadda suke kira Kyaftin, ta gaida Mama, sannan ta faɗi abin da ya kawo su ba kwana-kwana: gasar makarantu ƙarshen wata ce, shugabar makaranta ta ce idan babu mai horarwa za a cire sunansu, fili kuma ba a buɗe shi sai da malami.

Mama ta ce, "Malamarku ba ta jin daɗi, 'yan nan."

Kyaftin ta ce, "Mun sani, Mama. To wa zai riƙa hura mana usur?"

Mama ta waiga. Baba ya ɗaga jarida har ta rufe masa hula. Sai idonta ya sauka a kaina.

Matsayina game da wasanni sananne ne, na sha bayyana shi a wurin mai shayi: ban ga hikimar da za ta sa bil'adama, wanda ya ƙirƙiro lissafi da falsafa, ya ɓata yammacinsa yana bin fata cike da iska ba. Na soma gabatar da wannan hujja.

"Farfesa," in ji Mama, "ba kai ne ka san komai ba?"

"Mafi yawan abubuwa na ce, Mama."

"To haɗa da wannan."

Ta kwashe shanya daga igiya da hannunta, ta ce igiyar ce raga. Na nuna mata cewa ta wajen famfo ta fi fili. Ta ce a'a, wannan dai, wadda ta ratsa daidai gaban tagar Yaya. Na buɗe baki, ta dube ni irin duban da take yi wa mai nama idan ya sa yatsa a kan sikeli. Na rufe.

Da haka aka naɗa ni Kocin Riƙon Ƙwarya, babu rantsuwa, babu jawabi.

Asabar, da safe

Na yi nazarin dokokin wasan a waya. Mutum shida kowane gefe, taɓawa uku, kada ƙwallo ta taɓa ƙasa. Wannan ne ilimin da Yaya ta yi shekaru tana karatunsa? Na ƙware kafin shayina ya huce.

Asabar, da yamma

Ban ƙware ba.

Na tsaya domin in nuna musu bugun farko. Ƙwallon ta haye katanga ta faɗa cikin bahon wankin matar maƙwabci. Wata 'yar gajera mai baki kamar reza, wadda suke kira Barkono, ta ce, "Koci, a can ne filin abokan gaba?" Suka kwashe da dariya, dariya ta gaske, irin wadda gidan nan bai ji ba tun da aka dawo daga asibiti. Na dubi labulen Yaya. Bai motsa ba. Na dubi Mama. Tana tsince shinkafa, ba ta ce su yi shiru ba.

Litinin, da yamma

Yaran nan ba su san rage murya ba. Doguwa tana zargin Bahaguwa da cin ƙwallonta, Bahaguwa tana rantsuwa, Mai Gilashi tana kuka domin an taka mata ƙafa, Kyaftin tana yi wa kowa tsawa har da ni. Usur ɗin da na sayo a kanti kukan ɗan tsako yake yi.

Injiniya ya zo bayan tashi daga aiki kamar kullum. Yakan shiga ɗakin, ya jima kaɗan, ya fito ya zauna a kan bencin ƙofa yana juya makullin babur. Yau sai ƙwallo ta gangaro gabansa. Ya ɗauka, ya riƙe ta tsawon lokaci, har Barkono ta ce masa, "Baba, ba ta sayarwa ba ce." Ya yi murmushi, ya jefa mata. Na rubuta murmushin nan domin ya shiga kundin shaida.

Tire ya shiga. Tire ya fito.

Laraba, da yamma

A buga ganga, a busa ƙaho! Yaya ta yi magana.

Muna cikin atisaye, Doguwa tana karɓar ƙwallo, kowace karɓa sai ta yi wata ƙara, faf, ta tashi sama ba alƙibla. Ni kuwa ina ƙarfafa mata gwiwa da kalmomi masu nauyi game da juriya. Sai daga bayan labule, murya a dishe, ta ce:

"Gaya wa Doguwa ta daina karɓa da tafi. Ta haɗa hannu, ta lanƙwasa gwiwa."

Labulen a rufe yake, ko kusurwarsa ba a ɗaga ba. Da kunne kawai ta gane wadda ta taɓa ƙwallon da kuma inda ta taɓa ta.

Na gyara tsayuwa na ce, "Doguwa, bisa dogon nazari, na yanke shawarar ki lanƙwasa gwiwa."

Doguwa ta lanƙwasa. Ƙarar ta canza, ta koma dum. Mama ta tashi ta shiga kicin da sauri, wai ta bar abu a wuta. Babu komai a wuta.

Alhamis, da yamma

Umarni uku daga taga yau. Biyu ga yara, ɗaya gare ni: "Auta, ka daina hura abin nan a kunnena." Rabin burodin bai dawo ba. Na binciki tiren da kaina.

Asabar, da yamma

Ba na son rubuta wannan, amma shaida ba ta zaɓen abin da za ta faɗa.

An tashi daga atisaye cikin raha. Barkono ta je jikin taga domin yin sallama, kamar yadda suka fara yi. Sai ta ɗaga ƙafa, ta leƙa, ta yi tambayar da aka gargaɗi kowane babba kada ya yi. Ba wanda ya tuna ya gargaɗi yara. Da murna ta yi ta, har tana cewa ta kawo wa jariri tsaraba a jaka.

Kyaftin ta fizgo ta. Aka rufe tagar daga ciki, har da sakata.

Barkono ta tafi tana kuka, tana tambayar abin da ta yi.

Lahadi, da rana

Tire ya shiga. Tire ya fito.

Litinin, da yamma

Yara bakwai. Taga a rufe.

Talata, da safe

Baba ya ce a dakatar da abin nan, gidan da ake cikin wannan hali ba filin wasa ba ne. Mama ta ci gaba da goge kofi. Wanda ya ba da amsa shi ne Injiniya, mutumin da ban taɓa jin ya yi wa Baba musu ba.

Ya ce, "Baba, a yi mini afuwa. Duk wanda ya shigo gidan nan tausayinta yake kawowa. Ni ma shi nake kawowa, ina gani tana kawar da kai. Yaran nan kaɗai ne ke zuwa neman wani abu a wurinta."

Baba ya daɗe yana kallon jarida. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, igiyar nan ta yi ƙasa da yawa, a zamaninsu raga ta fi haka tsawo. Ashe ya taɓa bugawa. Shekara da shekaru ina zaune da mutumin nan.

Laraba, da yamma

Na ƙulla makirci. Na tara yara a bayan famfo na bayyana musu dabarar: za mu riƙa yin kuskure da gangan, da ƙarfi, har sai malamarsu ta kasa jurewa. Kyaftin ta ce wannan rashin kunya ne, sannan ta tambayi da wanne za a fara.

Na tsaya daf da taga na shelanta cewa daga yau taɓawa huɗu ce, kuma za a riƙa zagayawa ta hagu, saɓanin hannun agogo. Yara suka amsa da "To, Koci!" kamar masu karatun allo.

Taga a rufe.

Alhamis, da yamma

Na halatta amfani da ƙafa. Na halatta rungumar ƙwallo. Taga a rufe.

Na je gidan su Barkono na roƙi mahaifiyarta ta bar ta ta dawo. Yarinyar ta ce ba za ta iya kallon tagar ba. Na ce ta kalli ƙwallo, dama abin da ake ta roƙonta ke nan tun farko.

Juma'a, da hantsi

Na gaji da wasan kwaikwayo. Gasa ta matso, yaran nan kuma da gaske suke. Jiya na ga Mai Gilashi ta ɗaure gilashinta da robar kuɗi domin kada ya faɗi, na ga hannun Bahaguwa ya yi ja har gwiwar hannu, ba ta gaya wa kowa ba. Idan Yaya ba za ta fito ba, ya wajaba wani ya horar da su tsakani da Allah. Tun safe nake kallon bidiyo. Na zana tsari. Yau za su ga aikin ilimi.

Juma'a, da yamma

Ya Tarihi, miƙe tsaye.

Na fito da tsarina. Atisayen tsalle ne, na ƙwararru: a hau benci, a diro, a sake tsalle nan take a tare ƙwallo. Na jera su, na yi bayani a natse, ban yi kuskure ko ɗaya da gangan ba. Wannan shi ne mafi kyawun abin da ƙwaƙwalwata ta taɓa haifarwa. Doguwa ta hau, ta diro a kan siminti da silifas, dim. Bahaguwa ta bi, dim. Kyaftin ta hau.

Ba taga aka buɗe ba. Ƙofa aka buɗe.

Yaya ce, ba takalmi, ɗankwali a karkace, ta rame har sai da na kawar da ido, tana dafe da bango. Amma muryar, muryar nan da ta rene ni cikin tsoro, ta dawo da kayanta gaba ɗaya.

"Kyaftin, sauko! Kai, Auta, a kan siminti? Da silifas? Gwiwoyin yaran mutane za ka farfasa mini?"

Na ce, "Yaya, a bidiyo na..."

"A bidiyon siminti ka gani? Kwana biyu ina jin ka kana shirme da gangan, na ƙyale ka, don na san yarana sun fi ka sani. Amma wannan da gaske kake yi, shi ya sa ya fi haɗari."

Ka lura da wannan, ya Alƙali. Makircina bai fito da ita ba. Iyakar ƙoƙarina ne ya fito da ita.

Mama ta turo kujera. Yaya ta zauna, ta miƙo hannu. Na ɗora mata usur. Ta dube shi, ta ce a ɗauko nata a cikin jakar makaranta. Da ta hura shi, tattabarun maƙwabci suka tashi.

Barkono tana can bayan kowa, ta ɓuya a bayan Doguwa. Yaya ta kira ta. Ta zo tana jan ƙafa. Yaya ta jawo ta, ta faɗa mata wata magana a kunne, ban ji ba, ban kuma nemi ji ba. Yarinyar ta gyaɗa kai, ta share ido da bayan hannu. Sai Yaya ta ce da ƙarfi, "To je ki layin baya, har yanzu bugunki na farko kamar na mai korar kaji ne."

Na shiga banɗaki na daɗe. Sabulu ne ya shiga idona.

Asabar, da rana

Tire bai shiga ba. Ta fito ta ci a falo, a kan kujerata, ta kuma ce abincin ya yi gishiri. Mama ta yi ta murna kamar an yabe ta.

Talata, da yamma

An koma filin makaranta. Injiniya yana kai ta a babur, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Tana zaune take horarwa, likita bai yarda ta yi tsalle ba. An sauke ni daga muƙamina ba tare da takardar godiya ba, aka mayar da ni sashen tsinto ƙwallo daga cikin ciyawa.

Ba kullum ne lafiya ba. Jiya muna dawowa muka wuce wata mata da goyo, muna isa gida Yaya ta shiga ɗaki ta rufe. Amma yau da yamma ita ce ta fara sa takalmi.

Alhamis, da yamma

An kawo rigunan gasa daga wurin tela, shuɗi mai ratsin fari, da lamba a baya. Yara suka yi ta tsalle. Na tsaya a gefe cikin kamun kai irin na manya, ina jira a kira ni. Aka ba 'yan wasa takwas. Aka ba Yaya, an rubuta Koci. Aka ciro ta ƙarshe, na gyara wuyan rigata, na matso.

Aka ba Injiniya. Wai shi ne mai kula da ruwan sanyi.

Asabar, da yamma

An yi gasa. Na shaida abin da falsafata ba ta tanadi bayaninsa ba. Titinmu ya kwashe ya tafi: mai shayi ya rufe teburinsa, matar maƙwabci da ƙwallo ta faɗa wa cikin wanki tana sahun gaba tana zagin alƙalin wasa, kafintan da ya yi ɗan gadon nan ya zo da ɗiyarsa a kafaɗa. Mutanen da makonni suke gaishe mu da sunkuyar da kai, yau suna dukan bayana suna ihu a kunnena. Baba ya jefar da jarida. Ni kaina, an ce an gan ni a kan benci ina kiran sunan Bahaguwa da muryar da ba ta dace da mai digiri ba. Ban musanta ba, ban kuma tabbatar ba.

Mun ci wasan farko. A na biyu aka fitar da mu, da ƙyar, ƙwallon ƙarshe ta goge yatsun Doguwa ta faɗa bayan layi. Yara suka zube suna kuka. Yaya ta tashi daga kujerarta, ta shiga tsakiyarsu, ta tattaro su duka, ita ma tana kuka, a fili, gaban jama'a, irin kukan da ba ta yi ba a gida. Ba wanda ya rage murya, ba wanda ya kawar da kai. A wurin nan kowa ya san an halatta kuka. Injiniya ya ajiye kular ruwa ya tsaya kusa da ita, ta riƙe hannun rigarsa.

A hanyar dawowa ta ce wa Kyaftin Litinin akwai atisaye, kada wadda ta makara. Ta ce wa Injiniya a share gida, gobe za ta koma.

Lahadi, da yamma

Ta tafi. Ɗakina ya dawo hannuna. Na yi barci har rana ta take, na tashi babu abin da ya tokare mini ƙirji.

Yanzu, ya Tarihi, Alƙalin Alƙalai, lokacin ƙarata ya yi. Ka ji shaida daga farko har ƙarshe. Ka ga wanda ya karɓi ragamar ƙungiya a lokacin da manya suka ɓuya a bayan jarida. Ka ga wanda ya haura katanga ya ba matar maƙwabci haƙuri, wanda ya shiga ciyawa har ƙaya ta yaga masa wando, wanda jahilcinsa tsantsa ya yi abin da likita da dangi suka kasa. Ba na neman a sa wa titi sunana. Ba na neman a kafa gunkina a ƙofar makaranta, ko da yake akwai wuri.

Riga nake so. Shuɗiyar nan mai ratsin fari. A yi wa Yaya magana, ni idan na ɗauko zancen sai ta yi dariya har ta riƙe ciki, kuma ba na son in hana ta. Ko babu lamba zan karɓa. Matsakaiciya nake sawa, amma idan babba ce ta rage a wurin tela, a kawo, Mama za ta rage mini hannun.